Kwanukan Dubiyar Gwaggo Hajo

Alhamis, bayan la'asar. Karaye, makon Babbar Sallah, 1988

An dawo da Gwaggo Hajo daga asibitin Kano yau. Baba ne ya kawo ta a motar haya, shi da direba suka riƙo ta har zaure. A nan ta ce su sake ta, ba za a shigar da ita gidanta kamar buhun gero ba. Ta dafa bango ta shigo da ƙafarta.

Na durƙusa zan yi mata sannu da zuwa, muryata ta ƙi fita. Ta dube ni ta ce, "Uwata, har yanzu ba a sayo miki baki a kasuwa ba?" Haka take kirana, don sunan mahaifiyarta aka sa mini, Zaituna, ba ta iya faɗarsa.

Gwaggo yayar Baba ce. Ita ta ɗauko ni daga Beli ina shekara shida, bayan abin da ya sami Inna. Baba yana can har yanzu, yana yi wa dagaci rubutu. Mijin Gwaggo ya daɗe da rasuwa, mu biyu ne a gidan. Duk Karaye in za a yi suna ko biki ita ake kira tuƙin tuwo. Muciyarta ta kusa kai ni tsawo. Zani biyu ake haɗa mata kafin ya zagaye ta.

Yau zanin ya zagaye ta har ya yi saura.

Wannan littafin ragowar na aji shida ne. Abin da na kasa faɗa zan riƙa zubawa a nan.

Juma'a, da hantsi

Iya Tani ta shigo. Katangarmu ɗaya da ita, kuma taubashiyar Gwaggo ce, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Tun daga tsakar gida ta fara: "Ina giwar take? An ce likitoci sun yi watanda da ke."

Gwaggo ta ce, "Sun nemi mai kitse ne, shi ya sa ba a aiko miki ba."

Sai ta ba mu labari kamar na wata take bayarwa. Gyambon ciki ne, ta daɗe tana danne shi da ruwan kanwa, har ya kai ga jini. Aka yanke inda ya lalace. Ta ce, "Da tumbina masaki ne, Tani. Yanzu ludayi aka bar mini." Ta yi dariya ta dafe ɗinkin.

Kafin Baba ya koma Beli ya tara mu a bakin ƙofa. Ya ce likita ya ce kaɗan-kaɗan, kuma ban da abinci mai nauyi. Iya Tani ta ce to ai shi ke nan, kunu da koko da fura mai ruwa-ruwa. Nama da ƙwai da wake sai ta warke. Baba ya ce haka shi ma ya fahimta. Ya ajiye kwalin sukari ya ce in riƙa sa mata da yawa, yana ba da ƙarfi.

Asabar, bayan azahar

Na dama koko mai kyau, ba gudaji ko ɗaya. Ta sha rabin kofi ta ce hannuna ya fara faɗawa.

Ban gama wanke tukunya ba na ji ta kira ni. Zufa ta jiƙa ta sharkaf kamar an watsa mata ruwa. Ta kamo hannuna ta ɗora a ƙirjinta, zuciyarta tana bugu kamar ana sussuka. Ta ce ɗakin yana juyawa. Na raka ta bayan gida. Sauran ba zan rubuta ba.

Da ta dawo hayyacinta abin da ta fara cewa shi ne, "Kin kashe wutar? Kada itace ya ƙone a banza."

Litinin, da yamma

Masu dubiya sun fara zuwa sosai. Ba wadda take zuwa hannu rabbana. Kunun tsamiya, kunun kanwa, kunun gyaɗa da zuma, furar Maiturare matar mai unguwa wadda ake magana a kanta. Kwanuka sun yi layi daga bakin ƙofa har gindin randa, wasu ko sunan masu su ban sani ba.

Kowacce da abin da take tunawa. Wata ta ce Gwaggo ce ta tuƙa tuwon sunan ɗanta na fari ba ta karɓi komai ba. Wata ta ce shekarar fari daga tukunyar nan 'ya'yanta suka ci. Ban taɓa jin waɗannan ba. Gwaggo ba ta taɓa faɗa ba.

Kuma kowacce sai ta zauna ta ga an kurɓa. Gwaggo takan karɓa da hannu biyu, ta kurɓa, ta yaba, ta sa albarka. Tana riƙe fuskarta har baƙuwa ta kai zaure. Sannan abin ya zo.

Talata, da asuba

Sau uku jiya.

Talata, bayan la'asar

Na yi ta maza na ce mata, a hankali, ko za ta riƙa cewa ta ƙoshi. Ta kalli kwanukan. Ta ce, "Uwata, tsakiyar damina muke. Rumbun kowa ya kusa ƙasa. Matar nan ta sunkuya ta kankaro ɗan geronta, ta surfa, ta daka, saboda ni. In dubi idonta in ce a'a?"

Ni dai na san ba wanda ya kai ta.

Alhamis, bayan magariba

Iya Tani ta ga abin da idonta yau. Ta yi salati ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, an gamu da wani abu a hanyar Kano. Ta kawo garwashi ta yi hayaƙi har muka yi ta tari. Gwaggo tana kwance ta ce, "Tani, in ƙyafe ni za ki yi ki bari a sa gishiri."

Baba ya zo da rana da rubutun sha, ta sha da bismilla. Ya daɗe zaune yana kallon wuyan hannunta. Awarwaronta yanzu har gwiwar hannu yake sulluɓewa. Da zai tafi ya buɗe adakarta ya sa wani ƙunshi, ya ɗauka ina madafa.

Na duba. Farin alawayyo ne, sabo, a ninke.

Na san irinsa. Na taɓa gani sau ɗaya a Beli, ranar da aka yi wa Inna sutura.

Juma'a

Ba abin da zan rubuta.

Lahadi, bayan azahar

Tun asuba ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, lungunmu ya zama rafi. Ba wadda ta iya fitowa, ba kwano ko ɗaya. Itacenmu ya jiƙe, na hura na hura ya ƙi. Na zauna ina kuka a madafa don ba kunun da zan ba ta.

Ta kira ni ta ce me nake ɓoyewa a gefen zani. Ƙwan zabi ne dafaffe da na saya jiya don kaina, da 'yar gyaɗa. Ta ce in ɓare mata. Na ce Baba ya ce yana da nauyi. Ta ce, "Babanki ni na goya shi. Ɓare."

Ta ci rabi, a hankali, tana taunawa kamar mai lissafi. Muka zauna muna jira. Ni ina kallon goshinta, ita tana kallon ruwan indararo. Aka kira azahar. Goshinta a bushe.

Ta ci ɗaya rabin. Ta ce, "Hm."

Litinin, da hantsi

Ta tashi da wata fuska da na sani, irin wadda take yi in miyar biki ta ɓaci. Ba ta faɗa, ba ta neman mai laifi. Takan zauna ta ɗanɗana, ta tambayi me da me aka sa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kama ɓarawon.

Ta ce haka za mu yi wa cikin nan. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, ba gauraye. Ta aike ni wajen Sulle mahauci in karɓo 'yar tsoka ba kitse. Na tsaya a gaban teburinsa har mutum uku suka riga ni kafin na iya magana.

Laraba, bayan la'asar

Nama, lafiya. Wake da ya dahu luguf, lafiya, sai dai gyatsa. Kwaɗon zogale da ƙuli, lafiya. Kifi, lafiya. In ta sha ruwa a kan abinci yakan taso mata, in ta bari ya kwanta tukuna ba komai.

Yau ta ce in dama koko in sa sukari kamar da. Na ce don Allah Gwaggo. Ta ce, "In ban koma na tambaye shi ba, ta yaya zan san shi ne? Kada in ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba." Ta sa na shimfiɗa tabarma kusa da ƙofa, ta ajiye buta a gefenta, ta ɗaure ɗankwali tamau. Ta san abin da zai zo, ta ɗauki kofin ta sha.

Ya zo. Ya fi na kullum.

Da ya sake ta, leɓenta fari fat, ta ce, "To. Mun gan ka."

Ni da ko allura aka nuna mini gudu nake yi.

Alhamis, da safe

Ta gwada kunu ba sukari. Shi ma, amma da sauƙi. Ta ce daga yau ba hatsi, ba zaƙi, sai mun ga abin da hali ya yi.

Na ce kwanukan fa? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ba ki da ciki?"

Asabar, bayan azahar

Yanzu in baƙuwa ta zo Gwaggo takan kai kwanon bakinta, ta jiƙa leɓe, ta ce za ta sha in ya huce. In an tafi ni nake shanyewa. Abin da ya fi ƙarfina in ba awaki. In wanke kwano in mayar, in ce ta gode.

Matsalar ita ce suna murna. Maiturare ta ga kwanonta ya dawo fes ta ce alhamdu lillahi ciki ya buɗe, gobe za ta ƙaro. Ta ƙaro kuwa.

Gwaggo ba ta faɗi ba tun ran Alhamis. Ni kuma ko sunkuyawa ba na iya yi. Jiya da na yi ruku'u na ji fura a hancina. Na gaya mata, ta yi dariya har na ji tsoron ɗinkin.

Lahadi, da magariba

Jiya aka ga wata, yau sabuwar shekara ta kama. Yara sun fara zancen cika-ciki a lungu. Tun ina ƙarama ake ce mana daren tara ga wata kowa sai ya ci ya cika cikinsa dam, wanda bai cika ba da yunwa zai ƙare shekara. Duk shekara a tsakar gidanmu ake girka babbar tukunya, gidajen lungu su kawo gari da kaji, Gwaggo ta tuƙa, a raba.

Ba wanda ya tayar da zancen bana.

Talata, bayan la'asar

Asiri ya tonu.

Iya Tani ta kawo kunun gyaɗa ta tafi, ashe ta mance mayafinta. Ta dawo ta same ni a bayan ƙofa kwanon a bakina. Ta kalle ni, ta kalli kumatuna, ta ce, "Ke Zaituna, wai wa ake jinya a gidan nan?"

Gwaggo ta ce ita ta sa ni. Ta yi mata bayani duka, ƙwai da nama da koko. Na ɗauka za su yi dariya kamar kullum. Iya Tani ba ta yi ba. Ta ce, "Hajo, shekara nawa muna cin tuwonki? Ba wanda ya taɓa cewa yana sa shi zufa. Yau namu ne ya zama guba? Gyaɗar nan ta shuka ce na rage na dama miki."

Gwaggo ta ce, "Ba hannunki ba ne, Tani, cikina ne."

"Da kin faɗa mini. Ni kika mayar baƙuwa."

Ta ɗauki kwanonta da sauran kunun a ciki ta fita. Gwaggo ta juya fuskarta bango.

Laraba, da yamma

Kwano biyu kawai yau. Labari ya zaga.

Ba ta faɗuwa, gaskiya ne. Amma ba ƙarfi. Ta je ɗaga muciyarta daga jikin bango ta mayar ta jingine. Bayan gida ya zama aiki. Da nake cin tuwona ta ce in matso kusa, na ɗauka magana za ta yi, ashe ƙamshin take shaƙa. Ta ce, "Kanwa ta ɗan yi yawa." Daga ƙamshi kawai. Kuma haka ne.

Ta ce nama da ƙwai suna riƙe rai, amma jikinta yana tambayarta ina dawa.

Alhamis, bayan magariba

Ranar komawa asibiti ce, Baba ya zo ya kai ta. Ya riga ya ji komai, Iya Tani ta tare shi a zaure. Ni na tsaya gida na share ɗaki sau biyu. Ban buɗe adaka ba.

Sun dawo kowa da nasa labarin. Gwaggo ta ce likita ya saurare ta har ƙarshe, ya ce abin sananne ne ga waɗanda aka yi wa irin aikinta, har suna gare shi da Turanci, ba ta riƙe ba. Mai zaƙi da mai ruwa-ruwa su ne suke zubowa da gudu, don ba wurin da za su tsaya. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mata ta bar hatsi kwata-kwata ta huta, ta ga waɗanda suka yi haka. Shi kuma likita ya ce a'a, jiki yana son hatsi, ta dawo da shi kaɗan-kaɗan, mai tauri, bayan ta fara cin nama ko wake. Gwaggo ta ce, "Su ma ba su gama shawara ba."

Baba abu ɗaya ya ji. Ya ce, "Yaya, a gabana ya ce ki koma cin tuwo."

"Loma ya ce."

"Tuwo ya ce. Mutum ba kurege ba ne da zai rayu a kan gyaɗa. Wanda bai ci hatsi ba bai ci abinci ba, kowa ya sani. Ki dubi hannunki."

Ya ce ran cika-ciki zai dawo ya gani da idonsa. In ba ta cin abinci, zai tafi da ita Beli, a can akwai manya da za su tsaya a kanta safe da yamma, ba yarinya ba. Ya juyo ya ce, "Zaituna, tsakaninki da Allah, yau da safe ta ci abinci?"

Ta ci ƙwai da kifi. Amma na san abin da yake nufi da abinci. Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Kin gani."

Juma'a, da asuba

A Beli kunu za su ba ta. Da ƙauna za su ba ta, su zauna su ga ta shanye, kuma ba za ta ce a'a ba.

Inna ma kunu aka yi ta ba ta. Ban ce shi ne ba. Na tuna ne kawai.

Juma'a, bayan azahar

Ta fara gwaji da tuwo. Ta ce in tuƙa na dawa mai tauri. Ta ci wake tukuna, ta jira, sannan ta gutsuri kamar ƙwan kaza. Ya yi yawa. Zufa ta zo, amma ba ta kwanta ba, ta zauna ta riƙe ƙafar gado har ya wuce.

Ta ce, "Ya yi mini magana, bai doke ni ba. Gobe mu rage."

Asabar, da yamma

Kamar goro. Miya kaɗan, ba ruwa a kai. Shiru.

Ta rufe ido tana taunawa. Tuwo ba a tauna shi, amma ita ta tauna. Hawaye ya zubo mata ta ce hayaƙi ne. Ba wuta a ɗakin.

Lahadi, bayan la'asar

Da safe ta ce gobe za a girka babbar tukunya a gidan nan kamar kowace shekara. Na ce wa zai tuƙa? Ta ce Tani. Na ce ai ba ta shigowa. Ta ce, "Shi ya sa za ki je ki kira ta. Ni in na je sai mu yi faɗa."

Na tsaya a ƙofar Iya Tani har ƙafata ta yi sanyi. Na yi sallama, na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba, tana tsince wake. Duk abin da na shirya ya gudu. Abin da ya fito shi ne, "Iya, ba ta iya ɗaga muciya."

Hannunta ya tsaya.

Na ce, "Kuma in ba a yi ba Baba zai tafi da ita. Kuma kununki ya fi na kowa daɗi, ni na sha, na sani."

Ta yi wani sauti, ban san dariya ce ko kuka ba. Ta ce, "Ja'ira. Ashe da baki. Je ki ce wa ramammiyar giwar nan ta wanke tukunya."

Litinin, da azahar

Tara ga wata. Kowa yana azumi ban da Gwaggo, malam ya ce mai ludayi ba ta da wannan nauyin. Tsakar gida ta cika da mata da gari da kaji. Maiturare ta shigo tana ɗan ɗaure fuska, Gwaggo ta kama hannunta ta ce ta yafe mata furar da Uwata ta sha a madadinta. Maiturare ta kalli kumatuna ta ce ai furar ba ta tafi a banza ba.

An sa wa Gwaggo kujera a gaban murhu. Iya Tani ta riƙe muciya, Gwaggo tana ba da umarni.

"Daga ƙasa, Tani. Tuwo kike tuƙawa ko ƙuda kike kora?"

"In kin iya taso ki karɓa."

"Ƙara gari. Ba haka ba, barbaɗawa ake yi."

"Wallahi da an san bakinki ne ciwon da shi aka rage."

Ba ta taɓa muciyar ba, amma tuwonta ne. Ƙamshin ya nuna. Na fito in rubuta wannan don kada in manta yadda ta zauna, ƙashin wuyanta a waje, idonta a kan tukunya, kowa yana jiran ta ce a kwashe.

Baba ya iso. Ya yi magana da direban motar Rogo mai bi ta Beli, ya ce ya biyo ta nan gobe da safe.

Litinin, bayan magariba

An sha ruwa, an rarraba tuwo gida-gida, yara suna ta ihu a lungu suna buga cikinsu. Baba ya ƙi ci a zaure, ya ce a kawo masa tabarma ƙofar ɗakin Gwaggo. Iya Tani da Maiturare suka ƙi tafiya. Aka ajiye malmala guda a gaban Gwaggo, babba, da miyar kuka da kaza.

Ta yi bismilla. Ta ci hanta da 'yar tsokar cinya, a hankali. Ta jira. Sannan ta gutsuri tuwo kamar goro, ta dangwali miya, ta kai baki. Ta tauna. Ta haɗiye. Ta wanke hannu.

Baba ya ce, "Sai kuma?"

Ta ce, "Sai kuma jira."

Muka jira. Na kafa wa goshinta ido. Iya Tani tana jan carbi da ƙarfi har ana jin ƙararsa. Tuwon Baba ya huce a gabansa bai taɓa ba. Har ladan ya fara gyaran murya, goshin Gwaggo a bushe. Ta miƙe da kanta, ba dafa bango, ta je randa ta ɗebo wa Baba ruwa ta ajiye masa.

Ya ce, "Yaya, wannan ai ba cin tuwo ba ne. Ko jariri ya fi haka."

Ta ce, "Alhassan, yaya sunan daren nan?"

"Cika-ciki."

"Cika masaki aka ce ko cika malmala? Ciki aka ce, kowa nasa. Nawa ya cika dam, ko ƙwayar gero ba ta da wuri. Duk Karaye ba wanda ya riga ni. Kai ne ma ko farawa ba ka yi ba."

Iya Tani ta fashe da dariya har carbin ya faɗi. Baba bai yi ba. Ya daɗe yana kallon yayarsa. Sannan ya juyo gare ni, a gaban kowa, ya ce, "Zaituna, ke kike kwana da ita kike tashi da ita. Ta ci abinci?"

Zuciyata ta yi irin bugun da tata take yi. Na ɗaga kai. Na ce, "Ta ci, Baba. Ta ƙoshi. Anjima kuma za ta sake ci, gobe ma haka. Ni na san yadda ake ba ta."

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Har akuya ta waiwayo.

Baba ya sa hannu a tuwonsa mai sanyi. Ya ci, ya ci, kansa a ƙasa, yana share ido da bakin hannun riga. Gwaggo ta ce masa hayaƙi ne, ita ma yana yi mata haka.

Talata, da hantsi

Motar Rogo ta zo, Baba ya shiga shi kaɗai. Kafin ya fita Gwaggo ta ce masa ta ga ajiyarsa a adaka. Ya rasa inda zai sa idonsa. Ta ce, "Bar shi, ba ya lalacewa, kowa zai buƙaci nasa. Amma na mayar da shi can ƙasa, zannuwan da za a rage mini suna bisa."

Ɗazu kwanon Iya Tani ya zo, babban nan mai murfi da take kawo kunu a ciki. Na ɗauka kunu ne kuma. Na buɗe. Ƙwan zabi guda a tsakiya, a ɓare, da lomar tuwo kamar goro a gefensa. Ta leƙo ta kan katanga ta ce, "A gaya wa giwa kada ta yi zari, ta rage wa yarinya."

Gwaggo ta cinye da bakinta. Ni wankewa kawai na yi.